Ƙirƙirarriyar Basira a Hannun Ma'aikatan Makaranta: Ina Iyakar Amana?

Gabatarwa

A cikin watan Mayu na shekarar 2023, daidai lokacin da ake yaye ɗalibai, wani malamin sashen aikin gona a Jami'ar Texas A&M da ke garin Commerce a ƙasar Amurka ya zauna duba ayyukan ƙarshen zango na 'yan ajinsa. Zuciyarsa ta raya masa cewa ba ɗaliban ne suka yi rubutun da kansu ba. Sai ya riƙa ɗaukar rubutun yana zubawa cikin manhajar ChatGPT, yana tambayarta ko ita ce ta rubuta, ita kuwa ta riƙa amsa masa da cewa ita ce. Bisa wannan amsa ya aika wa ɗaliban saƙo cewa ya dakatar da sakamakonsu, har ta kai an riƙe wa wasu takardun shaidar kammala karatu na ɗan lokaci. Daga baya wasu ɗaliban suka kawo shaidar ranaku da sa'o'in da suka yi aikinsu, aka wanke su, jami'ar kuma ta ba da sanarwar cewa babu wanda aka kayar saboda wannan lamari.

Malamin bai yi nufin zalunci ba, gaskiya yake nema. Kuskurensa shi ne ya miƙa wa na'ura tambayar da ba ta da hanyar sanin amsarta, sa'annan ya ɗauki abin da ta faɗa a matsayin shaida. Tun daga ranar 30 ga Nuwamba, 2022, da kamfanin OpenAI ya fito da ChatGPT, yawancin muhawarar da ake yi a makarantu ta fi karkata ga ɗalibai da satar amsa. Amma malamai da shugabannin makarantu da magatakarda su ma suna amfani da waɗannan manhajoji, kuma kuskurensu ya fi na ɗalibi nauyi, domin a hannunsu maki da shaida da asirin yara suke. Saboda haka ya dace a san yadda na'urar take aiki, da inda take da amfani, da kuma inda ya wajaba ma'aikaci ya riƙe alƙalaminsa da hannunsa.

Yadda Na'urar Take Haɗa Magana

Idan aka ce wa Bahaushe "komai nisan jifa", ba ya buƙatar tunani kafin ya cika da "ƙasa zai faɗo". Ya sha jin kalmomin a jere, har kunnensa ya saba da abin da ke bin wani. A kan irin wannan tushe aka gina manhajoji kamar ChatGPT da Gemini da Copilot. Ana ciyar da kwamfuta rubuce-rubuce masu ɗimbin yawa daga littattafai da jaridu da shafukan intanet, ana horar da ita ta riƙa cankar kalmar da za ta biyo baya. Duk lokacin da ta yi kuskure sai a ɗan gyara lissafin da ke cikinta, a sake gwadawa, har sau biliyoyi. Bayan haka sai a ƙara mata horo da taimakon mutane domin ta iya amsa tambaya cikin tsari da ladabi.

Abin da ke fitowa daga wannan horo shi ne na'ura mai ƙwarewa wajen jera kalmomin da suka dace da juna. Dacewar kalmomi kuwa daban take da gaskiyar magana. Shi ya sa manhajar kan ƙago sunan littafin da ba a taɓa wallafawa ba, ko ta ba da shekarar da ba daidai ba, kuma ta faɗe su da irin tabbacin da take faɗar abin da yake daidai. Haka nan ba ta da wani kundi na dukkan abin da ta taɓa rubuta wa jama'a wanda za ta buɗe ta duba idan an tambaye ta. Lokacin da malamin Texas ya ce mata "ke kika rubuta wannan?", amsar da ta ba shi jeren kalmomi ne da suka yi kama da amsa, ke nan.

Akwai kuma batun harshe. Rubutun Ingilishi ya mamaye abin da aka horar da waɗannan manhajoji da shi, na Hausa kuwa ɗan kaɗan ne. Bugu da ƙari, rubutun Hausa na yau da kullum ba ya nuna karin sauti ko tsawon wasali, ta yadda "gari" na mazauni da "gari" na tuwo suke fitowa iri ɗaya a takarda, sa'annan da yawa daga masu rubutu a intanet ba sa sanya haruffa masu ƙugiya. Malamin Hausa da ya nemi manhaja ta tsara masa darasin nahawu ko ta kawo masa karin magana yana buƙatar ninka bincikensa, domin a nan ne kuskurenta ya fi yawa.

Manhajojin Kama Mai Satar Amsa

Da malamai suka fara kokawa, sai kamfanoni suka fito da wasu manhajoji da aka ce suna iya bambanta rubutun mutum da na na'ura. Da yawa daga cikinsu suna auna abu guda ne, wato sauƙin cankar kalmomin da ke cikin rubutu. Na'ura takan zaɓi kalmar da aka fi tsammani, mutum kuwa yakan yi ba-zata, ya kawo kalmar da ba a zata ba, ya gajarta wata jimla ya tsawaita wata. Don haka idan rubutu ya zo a miƙe, kowace kalma tana inda ake tsammaninta, sai manhajar ta ce na na'ura ne.

Kamfanin OpenAI da kansa ya fito da irin wannan manhaja a watan Janairu na 2023. Bisa ga alƙaluman da ya bayar, tana gano kashi 26 cikin 100 ne kawai na rubutun na'ura, tana kuma ɗora wa rubutun mutane laifi a kashi 9 cikin 100. A watan Yuli na wannan shekara kamfanin ya janye ta saboda ƙarancin ingancinta. Shi kuwa kamfanin Turnitin, wanda jami'o'i da yawa suke amfani da shi wajen gano kwafe, ya fito da tasa a watan Afrilu na 2023, ya ce kuskurenta wajen zargin marar laifi bai kai kashi 1 cikin 100 ba. Jami'ar Vanderbilt da ke Amurka ta yi lissafi mai sauƙi: a shekarar 2022 ta tura wa Turnitin ayyukan ɗalibai 75,000, kuma kashi 1 cikin 100 na wannan adadi shi ne ayyuka 750 da za a iya zargin masu su ba da haƙƙi ba. A watan Agusta na 2023 jami'ar ta rufe wannan manhaja ga malamanta.

Binciken da ya fi shafar ɗaliban wannan ɓangare na duniya shi ne wanda Weixin Liang da Farfesa James Zou da abokan aikinsu na Jami'ar Stanford suka wallafa a mujallar Patterns a watan Yuli na 2023. Sun ɗauki insha'i 91 da ɗaliban da Ingilishi ba harshen uwarsu ba ne suka rubuta don jarrabawar TOEFL, suka gwada su da manhajojin bincike guda 7. Duk da cewa mutane ne suka rubuta su baki ɗaya, a matsakaicin lissafi manhajojin sun ce kimanin kashi 61 cikin 100 na na'ura ne. Insha'i 18 kuwa dukkan manhajojin bakwai suka haɗu a kan cewa na'ura ce ta rubuta su. Da aka gwada rubutun yaran Amurka 'yan aji takwas, kusan duka aka gane cewa na mutane ne.

Masu binciken ba su tsaya nan ba. Sun sa ChatGPT ta ƙawata insha'in baƙin da manyan kalmomi, suka sake gwadawa, sai zargin ya sauko ƙasa da kashi 12 cikin 100. Suka kuma sa ta sauƙaƙa kalmomin yaran Amurka, sai zargin ya haura fiye da rabi. Ma'anar wannan ita ce manhajar yawan kalmomin marubuci take aunawa. Wanda ya koyi harshe a aji yakan tsaya ga kalmomin da ya tabbatar da su da ginin jimlar da aka koya masa, kuma wannan tsantseni shi ne yake sa rubutunsa ya yi kama da na na'ura. Abin takaici, ɗalibin da ya yi aikinsa da guminsa shi ake kamawa, wanda ya sa na'ura ta goge masa rubutu kuwa ya wuce lafiya. Ɗalibin da ya tashi da Hausa ko Fulatanci ko Kanuri a gida, yake kuma rubuta jarrabawa da Ingilishi, yana cikin rukunin da wannan haɗari ya fi kusa da su.

Inda Take da Amfani

Duk da haka, kuskure ne a ɗauka cewa maganin matsalar shi ne a haramta na'urar. Hukumar makarantun birnin New York ta toshe ChatGPT a watan Janairu na 2023, amma a watan Mayu ta janye wannan mataki, ta koma ga koya wa malamai yadda za su yi aiki da ita. A Ingila, gidauniyar Education Endowment Foundation ta ɗauki nauyin wani gwaji da aka fitar da sakamakonsa a watan Disamba na 2024, wanda ya ƙunshi malaman kimiyya 259 a makarantun sakandare 68. Malaman da aka ba su ChatGPT tare da littafin jagora sun riƙa kashe kimanin minti 56 a mako wajen shirya darasi, sauran kuwa kimanin minti 81, wato ragin kusan kashi 31 cikin 100. Masanan da suka duba kayan darasin ba tare da sanin wanda ya shirya su ba, ba su ga bambancin inganci ba. A Nijeriya ma, a tsakiyar shekarar 2024 an gudanar da wani shiri na mako 6 a birnin Benin na Jihar Edo tare da Bankin Duniya, inda ɗaliban sakandare suka koyi Ingilishi da manhajar Copilot bayan tashi daga makaranta, malamansu suna tsaye a kansu, kuma sakamakon ya nuna sun ƙaru.

Idan aka lura, a waɗannan misalai akwai mutum masani tsakanin na'ura da ɗalibi. Malamin kimiyya da ya nemi tambayoyi goma a kan zagayawar jini yana iya gane ta bakwai ba daidai ba ce ya soke ta. Ayyuka irin su tsara jadawali, da sauƙaƙa dogon bayani don ƙananan yara, da samar da misalan lissafi, da tsara daftarin wasiƙar taron iyaye da malamai, duk suna cikin wannan rukuni, domin kuskure a cikinsu yana bayyana ga mai sani kuma ana gyara shi kafin ya cutar da kowa. Sharaɗin shi ne kada ma'aikaci ya karɓi abin da shi kansa ba zai iya tantancewa ba. Malamin da aka tilasta wa koyar da fannin da ba nasa ba shi ya fi jin daɗin na'urar, kuma shi ya fi kusa da ta yaudare shi.

Asirin Ɗalibi

Ofishin makaranta ma'ajiya ce ta asirai: sakamakon jarrabawa, da takardun asibiti, da bayanin yaron da iyayensa suka rabu, da sunayen waɗanda ba su biya kuɗin makaranta ba. Duk abin da aka rubuta cikin manhaja yana tafiya ne ta intanet zuwa kwamfutocin kamfani, galibi a wata ƙasa, kuma a tsarin kyauta na wasu manhajojin ana iya amfani da shi wajen ƙara horar da na'urar, sai fa idan mai amfani ya kashe wannan zaɓi. Kariya ma takan sami ɓaraka: a ranar 20 ga Maris, 2023, wata matsala a ChatGPT ta sa wasu mutane suka ga kanun hirarrakin wasu. A ƙarshen wannan wata hukumar kare bayanai ta Italiya ta dakatar da manhajar a ƙasar har kusan wata guda.

Dokar Kare Bayanai ta Nijeriya, wadda aka sanya wa hannu a watan Yuni na 2023, ta ɗora wa duk wanda ke riƙe da bayanan jama'a alhakin kiyaye su, ta ba bayanan lafiya kariya ta musamman, ta kuma tanadi neman iznin iyaye ko waliyyi a inda ake buƙatar izni kan bayanan yaro. Magatakardan da ya kwafe jerin sunaye da maki ya zuba cikin manhaja don ta tsara masa rahoto ya fitar da asirin makaranta, ko da bai tashi daga kujerarsa ba. Hanya mafi sauƙi ita ce a cire suna da lambar ɗalibi da duk wata alama da za a iya gane shi da ita kafin a rubuta komai, abin da ya shafi lafiya ko ladabtarwa kuwa a bar shi cikin fayil.

Ayyukan da Ba a Wakiltawa

A watan Fabrairu na 2023, bayan wani ɗan bindiga ya kashe ɗalibai 3 a Jami'ar Jihar Michigan, wani ofishi a kwalejin ilmi ta Jami'ar Vanderbilt ya aika wa ɗalibansa wasiƙar jaje. A ƙarshen wasiƙar aka bar wani layi da ke nuna cewa da ChatGPT aka tsara ta. Ɗalibai suka fusata, ofishin ya nemi gafara. Babu wata ƙarya a cikin wasiƙar, amma darajar ta'aziyya tana ga zuwan mai yin ta da nauyin da ya ɗauka a zuciyarsa. Haka lamarin yake ga takardar shaidar hali da bayanin da malamin aji yake rubutawa a katin sakamako, domin iyaye suna karanta su ne da yaƙinin cewa wanda ya san ɗansu ne ya rubuta.

Ba da maki ma hukunci ne. A shekarar 2020, da annobar korona ta hana jarrabawar kammala sakandare a Ingila, hukumar Ofqual ta yi amfani da wani tsarin lissafi na kwamfuta wajen daidaita makin da malamai suka ƙiyasta. Tsarin ya dogara ƙwarai da tarihin sakamakon kowace makaranta, sai ya rage kusan kashi 40 cikin 100 na makin, ya kuma fi cutar da haziƙan yara a makarantun da ba su saba yin fice ba. An fitar da sakamakon ranar 13 ga Agusta, ɗalibai suka fito zanga-zanga, ranar 17 ga wata gwamnati ta janye shi ta koma ga ƙiyasin malamai. Wannan tsari ya bambanta da manhajojin hira na yau, amma darasinsa ɗaya ne: lissafi yana ganin abin da ya saba faruwa ga taron jama'a, malami kuwa yaro guda ne a gabansa.

Saboda haka idan malami ya yi shakkar wani aiki, akwai hanyoyin da suka girmi kwamfuta. Yana iya kiran ɗalibin ya tambaye shi ma'anar abin da ya rubuta, ya nemi ganin daftarinsa na farko, ya kwatanta da aikin da ya yi a cikin aji. Wanda ya yi rubutu da kansa yakan iya kare shi ko da cikin in'ina. Hausawa sun ce zato zunubi ko da ya zama gaskiya, kuma mai zargi shi ke kawo hujja. Adadin da manhaja ta nuna a allo dalili ne na a bincika, bai kai hujjar da za a kayar da yaro ko a kore shi a kanta ba.

Abin da Hukumomi Suka Tanada

A shekarar 2023 hukumar UNESCO ta tuntuɓi makarantu da jami'o'i fiye da 450 a faɗin duniya, ta tarar waɗanda suke da rubutacciyar ƙa'ida a kan wannan fasaha ba su kai kashi 10 cikin 100 ba. A watan Satumba na shekarar ta fitar da jagorarta ta farko, inda ta ba da shawarar kada yaron da bai kai shekara 13 ba ya yi amfani da manhajojin, ta kuma nemi a horar da malamai. Ma'aikatar Ilmi ta Ingila, a matsayar da ta fitar a watan Maris na 2023, ta bayyana cewa ko da wace na'ura aka shirya takarda, alhakin abin da ke cikinta yana kan wanda ya fitar da ita da kuma makarantarsa. Dokar Tarayyar Turai kan ƙirƙirarriyar basira, wadda ta fara aiki ranar 1 ga Agusta, 2024, ta sanya manhajojin ɗaukar ɗalibai da na auna sakamakonsu da na sa ido a ɗakin jarrabawa cikin rukunin masu babban haɗari, ta kuma haramta na'urorin karantar yanayin zuciyar ɗalibai a makarantu tun daga watan Fabrairu na 2025, sai dai don dalilin lafiya ko tsaro.

Kammalawa

Makaranta ba ta buƙatar jiran doka daga sama kafin ta tsara tata ƙa'idar. Shugaban makaranta da malamansa suna iya zama su rubuta shafi guda da zai fayyace manhajojin da aka yarda da su, da bayanan da ba a sakawa cikinsu, da wajabcin karanta duk abin da na'ura ta fitar kafin ya isa aji, da sanar da iyaye da ɗalibai inda aka yi amfani da ita, da kuma damar ɗalibin da aka zarga ya kare kansa a gaban mutum. Malamin da yake hana ɗalibansa miƙa aikin na'ura da sunansu ya kamata shi ma ya bayyana nasa, domin yara sun fi koyi da abin da suka gani.

Manhaja ba ta sa hannu a katin sakamako, kuma idan uba ya zo ofis yana neman bayanin abin da ya sami ɗansa, ba ita za a kira ba. Mintunan da take rage wa malami wajen shirya darasi riba ce ta gaske, kuma mafi alherin inda za a kashe su shi ne wajen zama da ɗalibin da aikinsa ya ɗaure kai, a tambaye shi yadda aka yi, a saurari amsarsa.